Abin da bango ya faɗa mana kafin mu buɗe gidan tarihi

Aikin da aka ba ni a kwamitin shi ne riƙon littafi. Ni ba magini ba ne, ban kuma karanci zanen gine-gine ba. An dai lura ina da haƙurin rubutu, sai aka ce duk abin da aka gani, ko aka cire, ko aka yanke shawara a kansa, in rubuta shi da kwanan wata, in ɗauki hotonsa. Da haka na bi aikin mai da wani tsohon gida gidan tarihi, tun daga ranar da magada suka miƙa makulli har ranar da aka fara shigar da baƙi.

Gidan bene ne hawa ɗaya, na jan bulo da farar ƙasa, rufinsa a kan katakai, da wasu ƙananan ɗakuna da aka jingina masa ta baya. Magadan sun watse, babu mai son zama a ciki, babu kuma mai son a ce a hannunsa aka rushe. Batun takardu ba zan ja shi ba. Lauya ya tattara sa hannun kowane magaji, aka yi rajistar amintattu, aka rubuta a fili wane kaya ne kyauta, wane ne aro. Wannan na ƙarshen kada kowa ya yi wasa da shi, domin kujerar da aka ba ka yau da fara'a, jika na iya zuwa nemanta bayan shekara goma.

Dokar farko da mai zanen gine-ginen da ta jagoranci aikin, wadda muke kira Malama, ta kafa mana ita ce kada a taɓa komai. Ba shara, ba fenti, ba cire ƙusa ko guda. Mutane sun zo da tsintsiya da zumuɗi, ta mai da su gida. Sai da aka auna kowane ɗaki, tsawo da faɗi da kaurin bango, aka zana taswirar gidan yadda yake a karkace, ba yadda ya kamata a ce yake ba, sannan aka ba kowane ɗaki da ƙofa da taga lamba. A wurin awon nan aka fara ganin abin mamaki: bangon da ke tsakanin falo da ɗakin cin abinci ya fi sauran bangayen ciki kauri nesa ba kusa ba. Ta tsaya tana kallonsa, ta ce bangon ciki ba ya buƙatar wannan kauri, wannan a da bangon waje ne.

Labarin da kowa ya tashi da shi shi ne mutum ɗaya ya gina gidan a lokaci ɗaya, kuma takardar mallaka ma shekara ɗaya ta ambata. To amma takarda filin take magana a kai, ba ruwanta da abin da aka yi ta ɗorawa a kansa. Magini idan yana ɗora bulo yakan sarƙa su, kowane bulo ya hau kan gaɓar biyun da ke ƙarƙashinsa. Duk inda ka ga layin gaɓa ya miƙe ɗoɗar daga ƙasa har sama babu sarƙa, to bango biyu ne aka haɗa, ɗaya ya girmi ɗaya. Mun sami irin wannan layi a bangon gefe, inda yaɓe ya ɓanɓare, kuma bulon hagu ya fi na dama girma da duhu. Da dare Malama ta sa aka kashe fitilu, ta kwantar da tocila a jikin bangon falo yadda hasken zai bi shi ta gefe. Abin da rana ba ta nunawa sai ga shi ya fito ɓaro-ɓaro: siffar ƙofa da aka toshe, da ɗan tudun yaɓe a kewayenta.

Cikin silin na fi jin daɗin aikin, duk da ƙura da kashin jemage. A nan babu wanda ya taɓa yin kwalliya don ya burge baƙo, saboda haka komai yana nan yadda kafinta ya bar shi. Katakan ɓangaren gaba suna ɗauke da sawun gizago, ɗan lotsawa-lotsawa a jere, wasu kuma da sawun zarton hannu wanda layukansa ba sa daidaita. Na ɓangaren baya kuwa layukan lanƙwashe suke, alamar zarton inji mai kewaya, wanda bai yaɗu ba sai cikin ƙarni na 19. Ƙusoshi ma haka. Ta maƙeri, mai kai da aka bubbuga da guduma, ita ake amfani da ita har wajen shekarar 1800. Daga nan ƙusar da inji ke yankewa daga farantin ƙarfe, mai kusurwa huɗu, ta karɓe kasuwa, sannan zagayayyar ƙusar waya da muka sani yau ta danne ta a ƙarshen ƙarni na 19. Sai dai Malama ta ja mana kunne cewa ƙusa ba ta faɗa maka shekarar gini. Abin da take faɗa kawai shi ne ba a yi aikin kafin a ƙirƙiro ta ba. Kafintoci suna cire tsohuwar ƙusa su miƙe ta su sake bugawa, kuma sabon kaya yakan yi shekaru kafin ya isa wani wurin.

An yi maganar a huda katako a ƙirga zoben shekarunsa, dabarar da wani masanin taurari ɗan Amurka, A. E. Douglass, ya kafa a jihar Arizona a farkon ƙarni na 20. Wanda ya zo dubawa ya ce an fere katakan har an cinye zoben waje, wanda shi ne ke nuna shekarar da aka sare bishiyar, saboda haka aka bar maganar. Tagogi sun ɗan taimaka. Gilashin da ke lanƙwasa hoton abin da ke bayansa, mai ɗigon iska a ciki, tsoho ne. Mai santsi sumul kuwa ya yaɗu ne bayan da kamfanin Pilkington na Ingila ya fito da hanyar kwarara gilashi a kan narkakken ƙarfe a 1959.

Fenti kuma sai da aka yanko ɗan ƙwaya daga jikin ƙyauren falo, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, aka sa shi a madubin ƙara girma. Launuka ne hawa-hawa, kuma tsakanin wasu akwai siririn layin datti, wanda ke nuna wannan launi ya daɗe a fili kafin a rufe shi. Na ƙasa can kore ne shar, irin wanda babu ɗaya daga cikinmu da zai zaɓa. Ba mu kaɗai wannan ya taɓa kamawa ba. A Mount Vernon, gidan George Washington, shugaban Amurka na farko, irin wannan bincike ne ya nuna ɗakunan da aka ɗauka masu sanyin launi ne ashe kore da shuɗi ne masu ɗaukar ido. Mun ɗauka mutanen da ba sa son launi ne kawai saboda abin da ya iso gare mu ya koɗe. Gwajin ya kuma nuna akwai dalma a tsohon fentin, don haka aka hana kankare shi a bushe.

Da aka haɗa duk wannan, sai ga gidan ya rabu kashi huɗu: ɗakuna biyu na asali, sai faɗaɗawa da bene, sai ɗakunan baya, sai kuma gyaran zamani da aka yi da siminti. Wannan na huɗun shi ne ya kusa kashe gidan.

Tun daga ƙofa za ka ji warin danshi. Ƙasan bangaye an yaɓe su da siminti har wajen ƙugu, daɓen ɗakunan ƙasa ma an zuba kankare, kuma wanda ya yi aikin da kyakkyawar niyya ya yi, yana son ya hana ruwa shiga. Tsohon maginin da aka ɗauko mana, wanda kowa ke kira Baba, ya bi bangon yana ƙwanƙwasa shi da ƙotar cokalin gini. Inda ya ji amo kamar ganga sai ya zana da alli. Da ya gama ya juyo ya ce, "Malama, wannan bango ba tsufa ke damunsa ba, numfashi aka toshe masa." Ya sa cizal ya ɓalle wani faifai na simintin, sai ga fuskar bulon ta biyo shi, abin da ya rage a baya kuma jiƙaƙƙen gari ne da za ka iya kwasa da yatsa.

Bayanin ba mai wuya ba ne. Tsohon gini da farar ƙasa ake ɗaure shi. Ana ƙona dutsenta a zafin da ya kai kusan digiri 900, a zuba masa ruwa ya tafasa ya zama kullu, a bar shi ya jiƙu a rami, sannan a kwaɓa da yashi. Bayan an yi gini, a hankali take jan iskar kabon tana komawa dutse, amma dutse mai laushi wanda danshi ke iya ratsawa ya fice. Ruwa yana shiga irin wannan bango, yana kuma fita. Simintin da Joseph Aspdin ya yi wa rajista a Ingila a 1824, wanda daga baya ya mamaye duniya, ya fi tsohon bulo tauri, kuma ba ya barin danshi ya wuce cikin sauƙi. Yaɓa shi a irin wannan bango kamar sa wa mai gumi rigar leda ne. Ruwan da ke tasowa daga ƙasa sai ya rasa mafita, ya ƙara hawa sama, ya fito ta saman layin simintin ɗauke da gishiri. Gishirin yana bushewa a cikin ƙofofin bulo, ya kumbura, ya farfasa fuskarsa. Wanda bai samu fita ba kuma ya je ya ruɓar da kan katakan da ke cuse a bango, gara ta sami wurin zama. Farar ƙasa ita ke cin wuya a madadin bulo: ita ce ke zaizayewa, a sake cike ta, bulon yana nan lafiya.

Cire simintin da hannu aka yi, guduma da cizal, domin injin yanka zai ci bulo. Daga nan sai jira. An gyara magudanan ruwan rufi, an kwashe ƙasar da ta taru a jikin bango ta waje har ta haura tushe, aka buɗe tagogi, aka bar gidan watanni yana bushewa. Wannan ne lokacin da ya fi gajiyar da masu ba da gudummawa, don sun zo ba su ga komai ba sai bango tsirara. A kan wata tsaga da ke kusa da matakala an manna ɗan ma'auni mai layuka, ni ne nake karanta shi kowane wata. Tsagar tana ɗan buɗewa da rani ta koma da damina, ba ta ƙaruwa, don haka injiniya ya ce a cike ta da farar ƙasa a ƙyale ta, ba sai an tona tushe ba. Kan katakan da suka ruɓe ma ba a jefar da su gaba ɗaya ba. Kafinta ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya dasa sabon katako irinsa, aka buga shekarar gyaran a gefen da ba a gani, saboda wanda zai zo bayanmu kada ya ruɗe.

Rigima ta gaske a kan teburi aka yi ta. Shugaban kwamiti, dattijo ne mai son gidan da gaske, ya ce tunda yanzu an san siffar gidan a zamanin mai bene, a rushe ɗakunan baya, a buɗe ƙofar da aka toshe, a mai da komai yadda yake a lokacin da gidan ke tashe. Ɗakunan bayan kuwa ba su da kyau, wannan gaskiya ne: gajeru, rufin kwano, bangon madafa baƙi ƙirin da hayaƙi. Malama ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, waɗanda suka dafa abincin gidan nan suka wanke kayansa, a nan suka kwana. Idan muka rushe, mun bar wa baƙo gidan da babu wanda ya taɓa aiki a cikinsa."

Wannan gardama ta girme mu duka. A Faransa, mai zanen gine-gine Viollet-le-Duc ya tafi a kan cewa gyara shi ne a kammala gini ya cika, ko da bai taɓa zama a wannan siffa ba a wani lokaci, kuma da wannan ra'ayi ya yi aikin ganuwar Carcassonne. A Ingila, William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877 don ya yaƙi masu kankare gini da sunan mai da shi asali. Yarjejeniyar Venis ta 1964 ta karkata ga ɓangaren Morris: ta ce a mutunta gudummawar kowane zamani, a tsaya da gyara a inda zato ya fara, kuma duk sabon abin da aka ƙara ya zama ana iya bambance shi da tsoho. Yarjejeniyar Burra ta Ostireliya, ta 1979, ita ma a kan taka-tsantsan ta tsaya, a yi abin da ya zama dole, a canza kaɗan gwargwadon iko. Abin dariyar shi ne hasumiyar da Viollet-le-Duc ya ɗora wa cocin Notre-Dame a ƙarni na 19, da ta faɗi a gobarar 2019, siffarta ce dai aka sake ginawa, domin ƙarin jiya ya riga ya zama tarihin yau.

Ni ina bayan Malama, amma maganar shugaba ba ta wofi ba ce. Baƙon da ya shigo na minti arba'in yana son ya fahimci abu ɗaya sarai, kuma akwai gidajen da suka tsaya a zamani ɗaya suka yi nasara. Mount Vernon yana nuna gidan ne yadda yake a 1799, shekarar da mai shi ya rasu. Gidan mai zanen gine-gine Sir John Soane a Landan ma, tun 1833 mai gidan ya samo dokar majalisa cewa a bar shi yadda ya bar shi, kuma haka ake ƙoƙarin yi tun rasuwarsa a 1837. Bambancin shi ne su suna da hujja a rubuce, jerin kaya ɗaki bayan ɗaki. Mu kuwa hoto ɗaya ne na gaban gidan da kuma abin da tsofaffi suka tuna. Da mun bi shugaba, rabin abin da za mu gina ƙage ne, garin neman gira mu rasa ido. Kuma gidajen da suka fi mu hujja ma sun dawo suna neman ɗakunan bayansu. A Monticello, gidan Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, sai a 2018 aka buɗe ɗakin da ke ba da labarin Sally Hemings, baiwar da ta haifa masa 'ya'ya. A New York kuma akwai gidan haya mai lamba 97 a titin Orchard, wanda aka gina a 1863, mutum kusan 7,000 suka zauna a cikinsa kafin a rufe ɗakunan a 1935. Da aka mai da shi gidan tarihi, da gangan aka bar wasu ɗakunan da ɓanɓararren bangonsu.

Abin da aka daidaita a kai shi ne kowa ya sami wani abu. An shirya falo da koren fentinsa, tunda shi akwai shaida. Ƙofar da aka toshe an bar ta a toshe, sai dai an bar siffarta a fili. Ɗakunan baya suna nan, kuma ba a wanke hayaƙin madafa ba. A bangon gefe an bar wani murabba'i babu yaɓe, an rufe shi da gilashi, don mutum ya ga inda bango biyu suka haɗu da idonsa.

Gida an gina shi ne don iyali, ba don ajin ɗalibai guda su hau bene lokaci ɗaya ba. Injiniya ya lissafa nauyin da katakan za su iya ɗauka, aka ƙayyade yawan masu hawa. An sake wayoyin lantarki duka, aka bi da su ta tsofaffin hanyoyi don kada a sake huda bango, aka sa na'urar jin hayaƙi da tukwanen kashe gobara. Gangaren keken masu nakasa ta ƙofar gefe aka yi shi, da katako da ƙarfe, yadda za a iya kwance shi ba tare da an bar tabo ba. Benen kuwa babu yadda za a yi keke ya hau, sai aka ajiye hotunansa a ƙasa, abin da har yau ban gamsu da shi ba.

A nan ne ake gane cewa abin da gida ke so daban, abin da kaya ke so daban. Tufafi da takardu da zanen ruwa ba a son haskensu ya wuce luks 50 a ma'aunin ƙarfin haske, kuma ɓarnar haske taruwa take yi, ba ta warkewa. Gidan kuwa da manyan tagogi aka yi shi don rana ta shigo. An manna wa gilasai fatar tace hasken da ke koɗar da launi, aka sa labule. Danshin iska ana so ya zauna tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100, domin idan ya daɗe a sama da haka fumfuna ce, idan ya yi ƙasa sosai katako ya tsage. Wani ya kawo shawarar a rufe gidan ruf a sa na'urar sanyaya ɗaki, aka ƙi, tunda bangon da aka sha wahalar buɗe wa numfashi ba za a sake matsa masa ba. Kaya masu rauni sai aka sa su a akwatunan gilashi da ƙwayoyin tsotse danshi, gidan kuma aka bar shi ya bi yanayi.

Da labari ya bazu, mutane suka yi ta kawo kaya: tsofaffin agogo, dutsen guga, keken ɗinki, akwatin rediyo. Sai da aka rubuta ƙa'ida cewa abin da ke da alaƙa da gidan ko mazaunansa ko unguwar kaɗai za a karɓa, kuma ni aka bar wa aikin ba mutane haƙuri. Duk abin da aka karɓa ana ba shi lamba mai gaɓa uku, shekara, da kason da ya zo a ciki, da matsayinsa a kason. Ba a rubuta ta kai tsaye a jikin kaya. Ana shafa ɗan ruwan wani danƙo marar launi mai suna Paraloid B-72 a wani lungu, a rubuta a kansa, a sake rufewa, yadda za a iya gogewa. Tufafi da darduma kuma sai sun yi aƙalla mako guda a firiza, cikin leda, a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, don a kashe asu da ƙwansa kafin su shiga gidan.

Rubutun alluna shi ne aikina na ƙarshe, kuma a nan na yi taurin kai. Na raba magana gida biyu. Inda bango ko takarda suka tabbatar, sai in rubuta kai tsaye. Inda kuwa labarin baki ne, sai in sa "iyalan gidan suna cewa". Wasu magada ba su ji daɗi ba da labarin wani babban baƙo da aka ce ya kwana a bene ya faɗa rukuni na biyu, amma an bar shi a haka, kuma masu zagayawa da baƙi suna ba da shi da daɗinsa.

Tun da aka buɗe, wurin da mutane suka fi tsayawa shi ne madafa da murabba'in gilashin nan, falon kuwa leƙa shi suke yi su wuce. Matsalar da ke gabanmu yanzu ta kuɗin kulawa ce. Samun wanda zai sayi akwatin gilashi a rubuta sunansa a jiki ba wuya, amma share magudanan rufi kafin damina da bayanta, da sabunta farar ƙasar waje, da duba gara, babu mai son ɗaukar nauyinsu. A zaman da ya gabata an amince a ware wani kaso na kuɗin shiga a asusu daban don wannan kaɗai, kuma Baba ya karɓi yara biyu yana koya musu kwaɓin farar ƙasa, saboda ya ce gwiwarsa ba za ta ƙara hawa tsani ba.